Juyi 7,600: Yadda Injin Accord Ɗin Ɗan Yayata Ya Buga

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, irin safiyar da zafin Kano ke fara dukan mutum tun kafin hantsi, aka janyo mini motar ɗan yayata da igiya har ƙofar gareji. Wata tsohuwar Golf ce ta ja ta tun daga wajen Hotoro. Shi yana zaune a bayan sitiyari, ya kasa haɗa ido da ni. Da muka gaisa sai ya ce, "Kawu, wata 'yar ƙara take yi, ina jin fulogi ne." Na ce ya tayar. Ban bar ta ta yi sakan uku ba na ɗaga masa hannu ya kashe. Duk wanda ya daɗe da sifana a hannu ya san wannan ƙarar, ƙwanƙwasa ce mai nauyi daga can ƙasa, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Injin ya buga.

Abin da ya sa na zauna na rubuta lamarin dalla-dalla shi ne, ba shi ne saurayi na farko da ya zo mini da maganar "a cire wa mota limita", wato abin da ke iyakance juyin inji, ba. Amma shi ne na farko da na san motarsa tun ranar da ta shigo gari, na san abin da aka yi mata, sannan ni na buɗe injin da hannuna. Ina da nawa kason laifin a ciki, zan kuma faɗe shi idan mun zo wurin.

Motar da abin da aka yi mata

Honda Accord ce ƙirar 2004, wadda 'yan kasuwa ke kira EOD, 'yar Amurka da ta biyo ta Kwatano, mai giyar hannu biyar. Irinta mai giyar hannu ba su da yawa a gari, shi ya sa yaron yake ji da ita. Injinta shi ne K24A4, silinda huɗu, cc 2,354. Faɗin kowace silinda milimita 87 ne, tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa kuma milimita 99. Ku riƙe wannan 99 ɗin, don kusan duk labarin a kanta yake. Kamfanin ya rubuta cewa injin na ba da ƙarfin doki 160 a juyi 5,500 cikin minti, ƙarfin murɗawarsa na kai ƙololuwa a 4,500, jan layin da ke jikin agogon juyi kuma daga 6,500 yake farawa. Malejinta, da mil yake ƙirga, ya riga ya haura dubu ɗari biyu lokacin da ya saye ta.

Yaron a shagon waya yake aiki a Farm Centre, kuma ba almubazzari ba ne. Mai son inji ne tun yana ƙarami, irin yaran da ke kwance rediyon gida don su ga mai magana a ciki. Da ya sami mota sai son ya koma kanta.

Da salansa aka fara. Ya kawo ta garejina ya ce yana so a cire indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke cikin bututu, a sa masa miƙaƙƙen bututu mai ƙara. Yarana suka yi masa aikin ina zaune ina kallo. Na ɗauke shi ƙuruciya ce da za ta wuce, na yi shiru. Wannan shirun nawa shi ya fahimta a matsayin izini, kuma ban ga laifinsa ba, don babba idan ya ga abu bai tanka ba, ya amince ke nan. Bayan mako biyu ya cire akwatin matatar iska na asali ya ɗaura wata buɗaɗɗiya mai siffar mazurari, a tsirara cikin bonet. Wannan ban ma san an yi ba sai daga baya.

Na uku shi ne babba. Wani mai rewaya da ya ƙware da kwamfuta ya yi masa odar wani birenbokis daga waje, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, irin wanda ake iya sake wa rubutu, ya jona kwamfutarsa, ya ɗaga iyakar juyi zuwa 7,600. Ya ɗan taɓa lokacin tartsatsin fulogi ma. Kuɗin da yaron ya tara na wata huɗu ya tafi a nan. Ba a buɗe inji ba, ba a auna komai ba, ko murfin tof, wato kan injin, ba a ɗaga ba. Aikin bai ɗauki awa biyu ba.

Ya kamata in bayyana mece ce wannan limitar, don da yawa suna tsammanin wani ƙarfe ne da aka cusa a inji. Lamba ce kawai a cikin ƙwaƙwalwar motar. Akwai sansa da ke kallon karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa, tana ƙirga juyinsa. Da zarar ya kai lambar da aka rubuta, sai birenbokis ya yanke fetur daga nozul na ƙiftawar ido, juyin ya ɗan sauka, ya sake saki. Wannan yanka da sakin ne ke ba da ƙarar nan ta ta-ta-ta da samari ke so a wajen biki. Tunda lamba ce, sauya ta ba wuya. Ƙarfen da ke ƙarƙashin lambar shi ne ba ya sauyuwa da kwamfuta.

Mako shida da ya yi yana jin daɗi

Ya rantse mini cewa motar ta ƙara gudu, kuma na yarda haka ya ji. Ga abin da ya faru. Gudun mota a cikin giya ɗaya yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da juyin inji. Idan ka ƙara juyi daga 6,500 zuwa 7,600, ka ƙara kusan kashi 17 cikin ɗari, don haka giya ta biyu za ta kai shi lambar maleji da a da sai ya shiga ta uku yake ganin ta. Ga ƙarar salansa ta cika kunne, ga allura ta shige cikin ja. Ido ya gani, kunne ya ji, sai zuciya ta ce ƙarfi ya ƙaru.

Amma injin nan numfashinsa ya fara ƙarewa tun a 5,500. Dalilin yana cikin tof. VTEC tsari ne na Honda da ke sauya yadda bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, ke buɗewa, amma wanda ke kan K24A4 ba irin wanda ya yi wa Honda suna ba ne. Na tattalin fetur ne: a ƙaramin juyi bawul ɗaya na shigar iska ne ke buɗewa sosai, ɗayan kaɗan yake motsawa, idan juyi ya ɗan hau sai a haɗa su su yi aiki tare. Babu wani babban ƙullutu na uku a jikin kamshaf, sandan da ke tura bawul, da zai wangale su a babban juyi, kuma ɓangaren fitar hayaƙi ba shi da VTEC ko kaɗan. To idan fistin yana sauka da sauri fiye da yadda ƙofa ke iya shigo da iska, silinda ba ta cika. Silindar da ba ta cika ba kuwa ba ta da abin da za ta ƙona. Daga 6,000 zuwa sama ƙarfin sauka yake yi, ba hawa ba. Duk sakan ɗin da ya ɓata tsakanin 6,500 da 7,600, da ya sauya giya da ya fi haka nisa.

Nan ne nake ganin kuskuren yake tun daga tushe, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. Samari sun ɗauka limita takunkumi ce da aka sa wa doki mai ƙarfi, a cire ta ya zabura. A wannan injin dokin ya riga ya gaji kafin ya iso wurin. Abin da limita ke tarewa ba ƙarfi ba ne, lalacewa ce.

Cikin waɗannan makonni wutar gargaɗin inji ta kama masa sau uku. Yana da 'yar na'urar nan mai arha da ake sokawa a soket ɗin OBD a haɗa da waya, sai ya riƙa gogewa. Allah ya sa ya ɗauki hoton lambobin kafin ya goge, na kuma gan su: P2646 sau biyu, P0303 sau ɗaya. Ta farko tana nufin matsin baƙin mai da ke tura VTEC bai kai yadda ake so ba, kuma a kan waɗannan injinan abin da ake fara dubawa idan ta fito shi ne ko mai ya yi ƙasa. Ta biyu na nufin silinda ta uku tana tsallake wuta. Motar ta yi magana sau uku da harshen da take da shi.

Daren Juma'a suka fita da abokansa kan titin Eastern Bypass bayan ƙafa ta ɗauke. Ya ce a giya ta uku yake, allura na can sama, ya riƙe ta a wurin na ɗan lokaci don wata mota na gefensa. Sai ya ji ƙarfi ya ragu, wutar baƙin mai ta yi ƙifta, ƙwanƙwasa ta biyo baya. Ya gangara gefe. A nan motar ta kwana.

Da muka buɗe

Baƙin mai na fara saukewa. Injin nan da matata yana cin lita 4.2, abin da ya fito bai cika lita uku ba, ya yi kauri, ya yi baƙi ƙirin. Na ɗebo a tafin hannu na fita rana, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Na yanka matatar mai na ware takardar ciki, nan ma haka. Ba sai an gaya maka ba, metal ne, wato siririn ƙarfen da ke lulluɓe wuyan karanshaf, ya narke ya bi mai.

Na tambaye shi wane mai yake zubawa. Ya sunkuyar da kai ya ce na awo, mai kauri, 20W-50. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na lura da wannan a wajen masu mota da dama: kuɗin da ke hannu fetur ke cinyewa, sai a rage a wajen baƙin mai. Shi kuma nasa ya fi muni, don injin da ake kaiwa babban juyi fetur yake sha ba ƙaƙƙautawa, sannan yana ƙona baƙin mai fiye da da. Mai marar kauri, 5W-20, shi ne kamfanin Honda ya rubuta wa wannan motar a Amurka. Ana iya gardama a kan ko zafin Kano na son wanda ya ɗan fi haka kauri, ni ma ina cikin masu wannan ra'ayi, amma tsakanin wannan da man da ba ka san daga wace durom aka ɗebo shi ba akwai tafiya mai nisa.

Da muka sauke kwanon ƙasa, kwanrod na silinda ta uku, wato ƙarfen da ke haɗa fistin da karanshaf, ya nuna kansa tun kafin a taɓa shi. Gindinsa ya yi shuɗi-baƙi saboda zafi. Metal ɗin ya juya daga mazauninsa, ya murje, ya yi siriri kamar ganye, wuyan karanshaf a wurin ya yi zane-zanen da farce ke kamawa. Sauran metal ukun ba su juya ba, amma rabinsu na sama da na ƙasa duk sun ci har launin ciki ya fito.

Sai tof. A kan fistin na biyu da na uku akwai tabo mai siffar jinjirin wata, daidai inda bawul ɗin hayaƙi ke fuskanta. Na kifa tof ɗin na zuba fetur a ramukan hayaƙi, yadda aka koya mana tun muna yara a sana'a. A silinda ta ɗaya da ta huɗu fetur ya tsaya cak. A ta biyu da ta uku ya riƙa tsattsafowa ta gefen bawul. Sun lanƙwashe, ba sosai ba, amma sun daina zama. Na ciro sifirin ɗinsu na jera kusa da na wani tof mai ƙarancin tafiya da ke ajiye a shago, nasa sun fi gajarta, ido ma na gani. Cikin bututun shigar iska kuwa, na sa yatsa na shafo ƙura ja. Matatar nan tasa ta sha ƙarshen hunturu a buɗe, jikin silinda duk ya yi 'yan layuka daga sama zuwa ƙasa.

A nan na zaunar da shi a kan benci, na ɗauko alli na yi masa lissafi a jikin ƙofar gareji, don na san kansa na ɗaukar lissafi.

Fistin a kowane juyi sau biyu yake tafiyar milimita 99, hawa da sauka. A juyi 6,500 matsakaicin gudunsa ya kai kusan mita 21 da rabi cikin sakan. A 7,600 ya haura mita 25. Kuma ba gudu ne miƙaƙƙe ba, tsayawa yake cak ya juya baya, sama da sau 250 a kowane sakan. Nauyin da wannan tsayawa da juyawa ke ɗora wa kwanrod da ƙusoshinsa da metal ba ya ƙaruwa daidai da juyi, ninkin kansa yake yi. Ƙarin juyi na kashi 17 yana zama ƙarin nauyi na kusan kashi 37 cikin ɗari. Abin da ke tsakanin metal da karanshaf a wannan lokaci ɗan fatar mai ne da bai kai kaurin gashin kai ba. Idan mai ya yi ƙasa a kwano, ga karanshaf na kaɗa shi yana kumfa, famfo sai ya zuƙo iska tare da mai. Iska ba ta ɗaukar nauyi. Sakan kaɗan na ƙarfe a kan ƙarfe sun isa.

Akwai kuma abin da da yawa ba su sani ba game da K24. A jikin famfon mansa akwai sanduna biyu na daidaita girgiza, waɗanda ke juyawa ninki biyu na juyin inji. Allura na kan 7,600, su suna kan 15,200. Shi ya sa masu gina wannan injin don tsere a ƙasashen waje sukan cire famfon gaba ɗaya su sa na wani injin Honda, K20, irin wanda ba shi da su.

Bawul kuma nasa labarin daban. Kamshaf ne ke tura shi ya buɗe, amma sifirin ne kaɗai ke dawo da shi. A 7,600 kowane bawul na buɗewa ya rufe sau 63 a sakan. Sifirin da ya yi shekara kusan ashirin yana aiki, wanda tun yana sabo ba a yi shi don wannan juyin ba, sai ya kasa dawo da bawul a kan lokaci. Bawul na rataye a hanya, fistin ya taso ya same shi. Tabon jinjirin watan ke nan.

Ya yi shiru yana kallon allin, sannan ya ce, "Amma Kawu, ai akwai Honda mai kai 9,000."

Na ji daɗin tambayar, don amsarta ce ta fi komai bayyana lamarin. Akwai, S2000 ce, wadda ta fito a 1999. Amma tafiyar fistin ɗinta milimita 84 ce. Na sake lissafi a gabansa: a juyi 9,000 fistin ɗinta na gudun mita 25 da ɗan ɗoriya a sakan. Wato abin da ya tilasta wa tsohuwar Accord ɗinsa a 7,600 daidai yake da abin da motar tsere mai fistin na musamman ke yi a ƙarshen iyakarta. Sannan a 2004, da kamfanin ya ƙara wa S2000 ta kasuwar Amurka tsawon tafiyar fistin zuwa milimita 90.7, da kansa ya sauko da jan layin zuwa 8,000. Masu injin ma da suka ƙara tsawo, sai suka rage juyi.

Misalin da ya fi kusa da shi ma shi ne Acura TSX ta wannan zamanin. Injinta K24A2 ne, faɗi ɗaya, tafiyar fistin ɗaya, cc ɗaya da nasa. An sauya mata tof, an ba ta VTEC mai ƙullutu uku a kamshaf biyun, an sauya fistin, an ɗaga matsi daga 9.7 zuwa 10.5, aka kuma ce sai fetur mai daraja ta sama za ta sha. Da duk wannan ta ba da ƙarfin doki 200 a juyi 6,800, jan layinta kuma 7,100. Injiniyoyin da suka zana injin sun sauya rabin kayan cikinsa kafin su ƙara juyi 600. Shi an ƙara masa 1,100 da kwamfuta a kan cinya.

Gardamar da muka yi da mai rewaya

Na aika aka kira shi, ya zo, kuma na yaba masa da ya zo. Mutum ne mai basira, akwai motocin da suka gagare ni a ɓangaren wuta na tura masa ya gano su. Ya duba kayan da na shimfiɗa a kan buhu ya ce, "Alhaji, ni lamba na sauya, ƙafar ba tawa ba ce. Kuma wa ya sani ko giya ya ɓata, yana neman ta huɗu ya faɗa ta biyu?"

Maganarsa ta biyu tana da tushe, dole in duba ta. A mota mai giyar hannu, idan kana gudu ka jefa ta ƙaramar giya bisa kuskure, tayoyi ne za su ja inji su wuce da shi kowace iyaka, kuma babu limitar da za ta cece ka, don yanke fetur ba ya tsayar da abin da taya ke juyawa. Sai dai irin wannan ɓarnar tana da kamanninta. Bugu ɗaya ne mai ƙarfi, yakan kama bawul da yawa a lokaci guda, ya lanƙwasa su sosai, tabon ya fito sabo fes. Na nuna masa kan fistin na uku. Tabon ba ɗaya ba ne, sun hau kan juna, wani ya yi haske, wani baƙin hayaƙi ya riga ya fara rufe shi. Taɓawa ce kaɗan-kaɗan ta makonni. Ga kuma P0303 da ta fito kwana goma kafin daren. Ya ɗauki fistin ɗin ya juya shi a rana, bai sake tayar da maganar giya ba.

A maganarsa ta farko ce muka rabu. Ni a wurina wanda ya san abin da lambar ke tsarewa, ya kuma karɓi kuɗi ya ɗage ta ba tare da ya tambayi malejin motar ko ya ce a auna matsin mai ba, ba zai ce hannunsa fes yake ba. Shi ya tsaya a kan cewa abin da aka nema ya yi. Ban matsa masa ya biya komai ba, don idan rabo za a yi, uku ne: nasa, na yaron da ya goge gargaɗi sau uku yana zuba man awo, da nawa da na ga farkon hanyar na yi shiru. Abu ɗaya na roƙe shi, duk wanda ya sake zuwa masa da wannan buƙata, ya turo shi a buɗe tof tukuna.

Ba ina cewa ba a iya ɗaga juyin K24 ba ne. Ana yi, kuma aiki ne mai kyau idan an bi shi ta ƙofarsa. Da numfashi ake farawa, tof da kamshaf da za su iya cika silinda a can sama, don in ba haka ba babu abin da za a je nema. Sai sifirin bawul masu ƙarfi, sai ƙusoshin kwanrod da famfon mai, a auna nauyin fistin da kwanrod a daidaita su, a sa wa kwanon mai shinge don kada mai ya gudu gefe a kwana. Bayan an haɗa a ɗora motar a kan na'urar auna ƙarfi, da sansar da ke karanta haɗin iska da fetur, a ga inda ƙarfin ya fara sauka. Lambar limita ita ce abu na ƙarshe da ake rubutawa, kuma injin ne ke faɗin ta. Kuɗin wannan duka zai sayi wata EOD ɗin har a yi canji. Sannan fetur iri ɗaya ne a gidajen manmu, ba ka da zaɓin mai daraja ta sama, ga zafin da ke kai digiri 40 a bazara, ga ɗabi'ar nan da nake faɗa da ita kullum ta cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye a ce an yi maganin zafi.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna, wadda ba ta inji ba ce. A ina za a yi wannan gudun? Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 100 a babban titi mai hannu biyu. A kilomita 100 cikin giya ta biyar, allurar motar nan ko 3,000 ba ta kaiwa. Bypass ɗin da suka je ba fili ba ne, akwai tirela a fake ba fitila, akwai mai Adaidaita Sahu da ke juyawa inda ya ga dama, akwai almajirin da zai tsallaka a guje. Da kwanrod ɗin nan ya tsinke ya fasa bulok ya zubar da mai a ƙarƙashin tayoyinsa a wannan gudun, da ba wannan rubutun nake yi ba. Da Yaya ta kira ni da daddare tana tambayar nawa gyaran zai ci, na kasa gaya mata wannan. Na ce mata dai ta gode wa Allah, ƙarfe ne ya lalace.

Gyaran hanya biyu gare shi. Ko a kai karanshaf a yanka a sa metal mai kauri, a sayi kwanrod da bawul da ringi, a goge silinda, ko a ɗauko inji ɗan Beljiyam gaba ɗaya. Da na haɗa lissafi, ga garin ƙarfe da ya bi duk hanyoyin mai har cikin VTEC, sai na ga na biyun ya fi kwanciyar hankali. Muka shiga Ƙofar Ruwa tare. Inji huɗu muka duba, a kowanne na sa shi ya buɗe murfin mai ya haska ciki, ya ciro fulogi ya karanta launinsa, ya juya karanshaf da hannu ya ji matsi. Na uku muka ɗauka, K24A4 irin nasa. Birenbokis na asali yana nan cikin but a leda, muka mayar. Akwatin matatar iska ma ya dawo mazauninsa. Salansar na bar masa, amma na sa an ƙara mata tukunya.

Sharaɗina ɗaya ne, ba zan karɓi kuɗin aiki ba amma da hannunsa za a yi. Asabar uku ya yi yana zuwa da tsofaffin kaya. Shi ya sauke kwanon sabon injin, ya buɗe metal ɗaya bayan ɗaya muka auna tazararsu, ya ɗaure kowace ƙusa da sifana mai awo maimakon ƙarfin damtse. Hannunsa na da kyau, ya fi na wasu yaran da suka shekara biyu a wurina.

Ranar da muka tayar da ita ya tsaya yana sauraron injin yana aiki a hankali, sannan ya ce, "Kawu, na ga tof ɗin TSX a wani shago ranar da muka je. Na tambayi kuɗinsa."

Na ce na ga lokacin da ya tambaya. Na gaya masa fistin ɗin K24A4 ba a yanka masa gurbin da zai kauce wa bawul ɗin wancan tof ɗin yadda ya kamata ba, don haka kafin ya ba kowa ko sisi, sai mun ɗora laka a kan fistin mun juya inji da hannu mun auna tazarar. Ya ciro waya ya rubuta. Sannan ya ɗauki kwanrod ɗin nan mai shuɗin gindi daga kan buhu, ya goge shi da tsumma, ya tambaye ni ko zai iya tafiya da shi.